Waiwaye: Rabin Milimitar da Ta Raba Kan Masu Ƙera Faifan Bidiyo

Tun da kantunan Best Buy na Amurka suka daina sayar da faifan fim a farkon 2024, sannan Sony ya dakatar da ƙera faifan Blu-ray na naɗar bayanai a watan Fabrairun 2025, muhawara kan makomar faifai ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa zamani ne ya wuce da shi tunda kowa na kallo ta intanet, wasu kuma na kukan cewa fim ɗin da mutum ke biya duk wata don ya kalla ba mallakinsa ba ne, domin ana iya janye shi ba tare da an nemi izininsa ba. Ɓangarorin biyu na magana kamar rana ɗaya intanet ta faɗo wa faifai, alhali raunin ya girmi wannan muhawara da kusan shekara ashirin.

Farkon labarin sananne ne. Kaset ɗin Betamax na Sony ya fito a 1975, VHS na JVC ya biyo baya a 1976, aka shafe shekaru ana fafatawa kafin VHS ya yi rinjaye. A 1995 an kusa maimaita hakan, amma aka sasanta kan faifai guda, wato DVD, wanda ya shiga kasuwar Japan a 1996. Da talabijin masu hoto tangaram suka fara yaɗuwa, sai gigabayit 4.7 na DVD ya yi kaɗan, aka koma ga hasken leza mai launin shuɗi wanda ke iya karanta rubutu mafi ƙanƙanta. A Fabrairun 2002 kamfanoni tara, ciki har da Sony da Philips da Panasonic, suka sanar da Blu-ray, yayin da Toshiba da NEC suka gabatar da nasu tsarin, wanda ƙungiyar DVD Forum ta amince da shi a Nuwamban 2003 da sunan HD DVD.

Abin da aka fi mantawa da shi, wanda kuma a ganina ya fi kowane mataki nauyi, shi ne zaman sulhun da aka yi a 2005. Daga wajen watan Afrilu zuwa Agusta na shekarar, ɓangarorin biyu sun tattauna kan yadda za a haɗe tsarin ya zama ɗaya tun kafin na'urorin kallon fim ɗin su kai kanti. Idan aka duba da kyau, abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su yawa. Faɗin faifan ɗaya ne, santimita 12. Hasken lezar ɗaya ne, hanyoyin matse hoton bidiyo guda uku da suka zaɓa iri ɗaya ne, haka nan tushen tsarin hana satar fasaha da ake kira AACS.

Saɓanin yana ga zurfin da bayanai ke kwance a jikin faifan. A HD DVD, milimita 0.6 ne tsakanin fuskar faifai da shimfiɗar bayanai, daidai da na DVD, abin da ke nufin masana'antun da ke buga DVD za su iya komawa sabon faifan da ɗan gyara kaɗan, sai dai gigabayit 15 kawai shimfiɗa ɗaya ke ɗauka. A Blu-ray kuwa tazarar milimita 0.1 ce, wadda ta ba shi damar ɗaukar gigabayit 25, amma tana bukatar sababbin injuna da wani shafi mai tauri da zai kare fuskar faifan daga karcewa. Kowane ɓangare yana da hujja mai ƙarfi, ɗaya na maganar sauƙin kuɗi da saurin shiga kasuwa, ɗaya na maganar faifan da zai jima yana biyan bukata. Kuma wannan ba irin saɓanin da ake raba shi biyu a ba kowa rabi ba ne, domin faifai ba zai zama 0.1 kuma ya zama 0.6 a tsari guda ba, kuma duk wanda aka ɗauki nasa shi ne zai fi cin kuɗin mallakar fasaha na shekaru masu yawa. Ga kuma gardama ta biyu kan manhajar da ke tafiyar da jerin zaɓi a allon talabijin, inda Blu-ray ya riƙe wadda aka gina kan Java, HD DVD kuma ya riƙe wadda daga baya aka sa wa suna HDi.

To me ya sa aka iya sasantawa a 1995 amma aka kasa a 2005? A 1995 manyan kamfanonin kwamfuta, IBM na kan gaba, sun haɗa kai sun ce ba za su karɓi faifai iri biyu ba, kuma da yake kowa na bukatar faifansa ya shiga kwamfuta, maganarsu ta yi tasiri. Sun kasance kamar dattijon da ake kira rabon gardamar iyakar gona saboda ba shi da ko kunya ɗaya a wurin. Bayan shekara goma babu wanda ya rage a wannan matsayi. Dell da Apple suna cikin ƙungiyar Blu-ray, Microsoft da Intel kuma suka bayyana goyon bayan HD DVD a Satumban 2005. Kamfanonin fim na Hollywood, waɗanda su ma suna da ikon cewa sai dai faifai ɗaya, sun riga sun rabu tun ƙarshen 2004, Universal da Warner da Paramount a gefen HD DVD, Disney da Sony Pictures a gefen Blu-ray. Da zaman ya watse, sai hukuncin da injiniyoyi suka kasa yankewa ya koma kan mai saye, wanda aka bar shi ya yi caca da kuɗinsa.

Sauran ya tafi da sauri. Na'urar HD DVD ta farko ta fito a Japan a ƙarshen Maris 2006, mafi arharta a Amurka dala 499, ta Blu-ray kuma ta biyo a watan Yuni kan kusan dala 1,000. A Nuwamba PlayStation 3, na'urar wasan bidiyo ta Sony, ta fito da Blu-ray a cikinta, ta kai faifan gidajen da ba su yi niyyar sayensa ba. Ranar 4 ga Janairun 2008 Warner ya koma Blu-ray kaɗai, manyan kantuna suka bi sahu, kuma ranar 19 ga Fabrairu Toshiba ya sanar da janyewa daga harkar HD DVD.

Shekara biyun nan da mutane suka yi suna jira su ga wanda zai yi nasara ba ƙaramar asara ba ce, domin sun faɗo daidai lokacin da cinikin DVD ya kai ƙololuwa a Amurka ya fara gangarowa, kuma a Janairun 2007 Netflix ya fara nuna fim kai tsaye ta intanet. A kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano kuwa, an tashi daga kaset zuwa VCD da DVD, daga nan aka tsallaka zuwa tura fim a waya, Blu-ray bai taɓa samun gindin zama ba. A Amurkar kanta, shekaru da dama bayan nasarar 2008, tsohon DVD ya ci gaba da fin Blu-ray yawan faifan da ake sayarwa.