Matakalar Dutsen Nur: Abin da Alhaji Zai Sani Kafin Ya Hau

Ina matakalar take?

Tana jikin Jabalun Nur, arewa maso gabashin Harami, tazarar kilomita 4 zuwa 5. Dutsen ya kai kimanin mita 640 daga saman teku. Kusa da ƙololuwarsa ne Kogon Hira yake, inda Mala'ika Jibrilu ya zo wa Manzon Allah (SAW) da ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ, cikin watan Azumi, shekarar 610 Miladiyya. Da dare, daga ƙasa za ka hango hasken wayoyin masu hawa a jere kamar 'ya'yan carbi.

Hawanta yana cikin aikin Hajji ko Umara?

A'a. Ba rukuni ba ne, ba wajibi ba ne, kuma babu komai a kan wanda bai hau ba. Ziyarar tarihi ce. Dattijo mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya tsaya a gindin dutsen, ya shiga cibiyar tarihin wahayi da aka gina a wurin.

Tsawon wane lokaci ake ɗauka?

Matakan sun haura 1,000. Mai ƙarfi yakan kai cikin minti 45 zuwa awa ɗaya, wani kuwa sai ya cinye awa biyu. Abin da ke karya mutane shi ne matakan ba su daidaita ba: wani gajere, na gabansa ya kusa kai maka gwiwa, ga hanyar tana ta lanƙwasa. Duk wanda ya fara da gudu, kafin rabi numfashinsa ya ƙare. Yi tafiyar hawainiya, ka huta a rumfunan hanya.

Yaushe ya fi dacewa?

Bayan sallar Asuba ko bayan La'asar. Da bazara zafin Makka yana wuce digiri 40, kuma dutse yana riƙe zafi. Hawan tsakar rana ganganci ne.

Me zan riƙe?

Ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi a jakar goyo, don hannuwanka su samu kama ƙarfen gefe. Sa takalmi mai igiya, ban da silifas, domin sawu ya goge duwatsun sun yi santsi. Kuma a kula da birai! Da sun ga leda a hannu sai su fizge. In sun kama, sakar musu, kada ka ja.

In na kai sama, na iso kogon ke nan?

Da saura. Sai ka ɗan gangara ta ɗaya gefen, ka kutsa ta wani matsatsi tsakanin manyan duwatsu inda mutum ɗaya ne ke iya wucewa. Kogon bai kai mita 4 a tsawo ba, faɗinsa kuma kamar mita ɗaya da rabi, shi ya sa layi yake tsawo.

Saukowa fa?

Nan aka fi faɗuwa, saboda ƙafa ta riga ta yi rawa, nauyi kuma ya koma kan gwiwa. Sauko a karkace, taki ɗaya-ɗaya, ka mayar da wayarka aljihu.