Dokokin tafiyar jiragen ruwa da yankunan kariya

Dokokin tafiyar jiragen ruwa su ne ƙa'idojin da ke tsara hannun da jirgi zai bi, da yadda jirage za su kauce wa juna, da wuraren da aka hana su kusanta, a teku ne ko a kogi ko a tabki. Yankin kariya kuwa fili ne na ruwa da hukuma ke shatawa kewaye da rijiyar mai, ko tashar jirage, ko madatsar ruwa, ba mai shigarsa sai da izini. Nijar ba ta da gaɓar teku, birnin Damagaram ma ko kogi ba shi da shi. Duk da haka shinkafa da atamfa da kayan gyaran motar da ke kasuwar Dole yawancinsu ta teku suka zo, aka sauke su a Kwatano ko Lome ko Legas, kuma ƴan jihar na shiga kwale-kwale a tabkunan gida da Tabkin Cadi da kogunan Nijeriya.

Asali

Kafin ƙarni na 19 babu wata doka guda da jiragen duniya ke bi. Jiragen da iska ke turawa ba su da saurin kirki, kuma duk matuƙi ya san inda iskar za ta bar ɗan'uwansa ya juya. Da jiragen tururi suka bayyana sai lissafin ya rushe, domin jirgin tururi na iya nufar duk inda ya ga dama, karo kuma ya yawaita. A 1840 hukumar da ke kula da fitilun gaɓar Ingila ta fitar da ƙa'idojin farko na jiragen tururi. A 1863 Ingila ta sake rubuta su bayan ta yi shawara da Faransa, cikin shekara ɗaya ko biyu ƙasashe fiye da 30 suka karɓe su. Taron Washinton na 1889 ya faɗaɗa su.

Kusan duk gyaran da ya biyo baya hatsari ne ya haife shi. Nutsewar jirgin Titanic a 1912 ta kawo yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914, wadda aka sha sabuntawa har zuwa ta 1974 da ake aiki da ita yanzu. A 1956 jiragen Andrea Doria da Stockholm suka yi karo cikin hazo kusa da gaɓar Amurka, alhali kowannensu na hangen ɗayan a rada, na'urar da ke gano jirage daga nesa. Wannan ya nuna cewa na'ura ba ta wadatar idan ba a yarda a kan hannun da kowa zai juya ba. Ƙa'idojin da ake bi a yau hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ta amince da su a 1972, suka fara aiki ranar 15 ga Yuli 1977.

Batun iyakar ruwan ƙasa ya fi haka daɗewa. A farkon ƙarni na 18, wajen 1702, wani masanin shari'a ɗan Holan, Cornelius van Bynkershoek, ya ce ikon ƙasa a teku na ƙarewa ne inda harsashin igwarta ya ƙare. Daga nan aka saba da mil 3, aka yi ta jayayya a kai kusan ƙarni biyu.

Iyakokin teku da yankin mita 500

Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Jamaika ranar 10 ga Disamba 1982 ta fara aiki a 1994, ita ta raba gardamar. Ruwan ƙasa na kaiwa mil 12 daga gaɓa, mil na teku kuma mita 1,852 ne. Har zuwa mil 24 ƙasa na iya tare jirgi saboda fasa-ƙwauri ko shige da fice ko kiwon lafiya. Har zuwa mil 200 kifi da man da ke ƙarƙashin ruwa nata ne, amma ba ta da ikon hana jiragen wasu wucewa.

Sashe na 60 na yarjejeniyar ya bai wa ƙasa damar shata yankin kariya da bai wuce mita 500 ba kewaye da rijiyoyin mai da sauran gine-ginen da aka kafa cikin teku. Adadin ya samo asali ne daga yarjejeniyar Janeba ta 1958. Masunta sun fi kowa jin wannan doka a jiki, saboda kifi na taruwa a gindin ƙarafan, wurin da aka hana su zuwa ke nan. Tun 2024 ɗanyen man Agadem na bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a Jamhuriyar Benin, inda ake loda shi ga jiragen dakon mai.

Kashi na 10 na yarjejeniyar 1982 ya tabbatar wa ƙasashen da ba su da gaɓa haƙƙin kaiwa ga teku da wucewa da kayansu ta ƙasar maƙwabta, sai dai ya bar sharuɗɗan a hannun ƙasashen biyu su daidaita. Nijar ta amince da yarjejeniyar a 2013. Rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin Yuli 2023 ya nuna iyakar wannan haƙƙi. Ɓangarorin biyu sun ɗora wa juna laifi.

Kauce wa karo

Tushen ƙa'idojin 1972 ba shi da wuyar ganewa, direban mota ma zai gane shi. Dole jirgi ya kasance da mai tsaro da ido da kunne a kowane lokaci, ya kuma yi gudun da zai iya tsayawa a kai. Idan jirage biyu masu inji suka fuskanci juna gaba da gaba, kowanne dama zai karkata, su wuce hagu da hagu. Idan hanyoyinsu za su gitta, wanda ya ga ɗayan a damarsa shi zai ba da hanya. Mai son wuce na gabansa, kaucewa a kansa take. Jirgi mai inji kan ba da hanya ga mai tafiya da iska, da mai jan taru, da wanda injinsa ya mutu. A ƙunƙuntar mashiga kowa na riƙe gefen dama, kuma jirgin da bai kai mita 20 ba ba zai tare wa babban jirgi hanya ba, tunda babban ba shi da inda zai kauce.

Da dare fitilu ke magana. Ja na gefen hagu, kore na dama, fari a saman jirgi da bayansa. Matuƙin da ya hango ja da kore tare, da fari a samansu, ya san jirgi ne ke nufo shi kai tsaye, sai ya karkata dama tun da nisa, karkatar da ɗayan zai gani a fili. Idan kore ya ɓace ja kaɗai ya rage, to sun rabu, za su wuce lafiya. Idan fari ɗaya kawai yake gani, mai yiwuwa bayan wani jirgi yake bi. Ko kwale-kwalen da ake tuƙawa da filafili dokar ba ta manta da shi ba: ta ce aƙalla ya riƙe tocila ko fitila mai farin haske, ya haska tun kafin a zo kansa.

Akwai kuma busa. Gajeriya ɗaya na nufin zan juya dama, biyu hagu, uku na sa inji baya, biyar a jere kuma ban gane nufinka ba. Inda ba a gani sosai, jirgi mai inji da ke tafiya na yin doguwar busa ta daƙiƙa 4 zuwa 6, ba ya barin minti 2 ya wuce bai sake ba. Cikin abubuwan da dokar ta lissafa masu hana gani har da guguwar rairayi.

Alamomin mashiga

A Afirka da Turai, jirgin da ke shigowa tasha daga teku na barin jar alama a hagunsa, koriya a dama. A nahiyar Amurka da Japan akasin haka ne.

Kogin Kwara

Ƙa'idojin 1972 sun bar wa kowace ƙasa ta tsara na kogunanta. Kogin Kwara, wanda mutanen Yamai ke kira Isa, na ratsa Nijar kimanin kilomita 550. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya ayyana shi a matsayin hanyar da jiragen kowa za su bi, amma Turawan da ke rububin kasuwarsa ne suka yi wa junansu wannan alkawari, ba a tambayi mazauna gaɓarsa ba. Bayan samun ƴanci ƙasashen kogin suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya a Yamai a 1963, aka kafa hukumar kogin a 1964, wadda a 1980 ta zama Hukumar Raya Kogin Kwara mai ƙasashe 9, hedikwatarta a Yamai. A 2005 kotun duniya ta raba iyakar Nijar da Benin bisa layin da ya fi zurfi a babbar mashigar jirage, tsibirin Lete ya faɗo a ɓangaren Nijar. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, fito da kwale-kwale ya ƙaru ƙwarai a wurin.

A Nijeriya hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, da aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma wajabta rigar kariya. Bin dokar ne ke da rauni. Kifewar jirgin Wara a jihar Kebbi a Mayu 2021, da na Bagwai a jihar Kano a ƙarshen Nuwamban shekarar, wanda ya ci rayuka aƙalla 29 yawancinsu ɗaliban Islamiyya, da na Patigi a jihar Kwara a Yuni 2023 inda fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki, duk an danganta su da lodin da ya wuce ƙarfin jirgi.

Tabkunan Damagaram

Tabkin Lassuri da na Gidimuni na cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, na farko tun 2005, na biyu tun 2019. Kamun kifi na ƙarƙashin doka, jami'an ruwa da daji ke ba da izini. Tafiya a kan ruwan kuwa al'ada ce ta fi riƙe ta. A ƙasar Hausa sarkin ruwa ke faɗin lokacin buɗe kamun kifi da wurin da ba a shiga, mai fito kuma shi ke da ta cewa a jirginsa. Gogaggen mai fito kan sa buhuna a tsakiya, ya zaunar da mutane a ƙasa daidai wa daida, ya dubi tazarar bakin jirgi da ruwa, idan ta yi kaɗan ya sauke wani. Ba ya barin fasinja ya miƙe tsaye, yana kuma ajiye ƙwarya kusa don kwashe ruwan da ya shigo. Idan hadari ya haɗo daga gabas ba ya tashi. Wannan ilimi ya cancanci a rubuta shi a koyar, domin manufarsa ɗaya da ta dokokin manyan jirage, kuma da damina, lokacin da tabkuna ke cika su yanke hanyoyin kasuwa, shi kaɗai fasinja ke dogaro da shi.

Tabkin Cadi

Kamaru da Cadi da Nijar da Nijeriya sun kafa hukumar tabkin ranar 22 ga Mayu 1964, lokacin da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 kuma Gigimi na bakin ruwa. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan nesa da garin. Yankin hana shiga da Nijar ta shata a kan tabkin na tsaro ne: bayan dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a Fabrairu 2015 da harin tsibirin Karamga a Afrilu, an umarci mazauna tsibirai su tashi, an kuma hana kamun kifi da cinikinsa. Hukumomi sun ce an yi haka ne don toshe wa Boko Haram hanyar samun kuɗi, masunta da ƴan kasuwar banda sun ce an raba su da abincinsu. Daga baya an sassauta wasu daga cikin matakan.