Sashen shawara a kwalejojin al'umma na Amurka: lafiyar ƙwaƙwalwa da zaɓen sana'a

Sashen shawara ofishi ne da ke cikin kwalejojin al'umma na Amurka, inda ɗalibi ke zuwa neman jagora kan kwasa-kwasan da zai ɗauka, da sana'ar da ta dace da shi, da kuma abin da ke damun zuciyarsa. Kwalejin al'umma makaranta ce ta gaba da sakandare, yawanci ta gwamnati, wadda ake yin shekara 2 a cikinta a fito da ƙaramin digiri ko takardar shaidar sana'a, ko kuma a wuce jami'a a ƙarasa digiri na farko. Akwai irinsu kusan 1,000 a ƙasar. Mai karatu a Najeriya zai iya kwatanta su da kwalejojin kimiyya da fasaha, sai dai akwai bambanci babba: kwalejin al'umma ba ta tace ɗalibai. Kusan duk wanda ya gama sakandare, ko ya kawo shaidar da ta yi daidai da ita, ana karɓarsa. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ce ta sa aikin mai ba da shawara a can ya fi nauyi, domin mutane da yawa suna shigowa ba su san inda suka dosa ba, wasu kuma da kayan rayuwa a kansu.

Asali

Kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901, ita ake ɗauka a matsayin ta farko ta gwamnati da ta ɗore har yau. A lokacin ana kiran irin waɗannan makarantu ƙananan kwalejoji. Sunan kwalejin al'umma ya bazu ne bayan rahoton kwamitin da shugaba Harry Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947.

Shawarar sana'a ta girmi shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa a waɗannan makarantu. Frank Parsons ya buɗe ofishin jagorar sana'a a birnin Boston a 1908, kuma tsarin da ya bari yana da rassa uku: mutum ya san kansa, ya san ayyukan da ake da su da abin da kowanne ke bukata, sannan ya auna biyun da hankali. Har yau a kan wannan turba ake. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta cika makarantu da mazan da suka dawo daga fagen daga, hukumar tsofaffin sojoji kuma ta riƙa biyan kwalejoji da jami'o'i su yi musu gwajin ƙwarewa da jagorar sana'a. Cibiyoyin shawara da yawa daga nan suka samo tushe. Masu aikin sun lura da wuri cewa wanda ya zo tambayar wace sana'a zai yi, sau da yawa abin da ke cinsa ya wuce sana'a. A 1958, shekara guda bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, majalisar Amurka ta yi dokar ilimi don tsaron ƙasa, ta ware kuɗi na horar da masu ba da shawara. A shekarun 1960, lokacin da ake ta buɗe sababbin kwalejojin al'umma a jihohi, kusan kowace da ofishinta ta tashi.

Mutum ɗaya, aiki uku

A manyan jami'o'i an raba ayyukan: akwai mai duba kwasa-kwasai, akwai cibiyar sana'a, akwai asibitin ɗalibai mai masana halayyar ɗan Adam da likitan ƙwaƙwalwa. A kwalejojin al'umma da dama kuwa mutum ɗaya ne ke ɗauke da ukun. Yawanci yana da digiri na biyu a fannin ba da shawara, wani yana da lasisin jiha na kula da masu larurar ƙwaƙwalwa, wani ba shi da shi. Makonnin rajista sukan cinye lokacinsa kaf, layi har waje, kowa da takardarsa. Ɗalibar da ta zo da kuka a irin wannan rana, da wuya ta samu fiye da 'yan mintuna.

Ƙungiyar da ke tantance cibiyoyin shawara na manyan makarantu, wadda ake kira IACS, tana ba da shawarar a samu ƙwararre ɗaya ga ɗalibai 1,000 zuwa 1,500. Kwalejojin al'umma da yawa ba su kai wannan ma'auni ba, wasu ma ba su da mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa ko ɗaya, sai dai su tura ɗalibi asibitin gari. Dalilin bai wuce kuɗi ba. Abin da ake kashewa a kan ɗalibin kwalejin al'umma bai kai na takwaransa na jami'a ba, kuma makarantun suna gudun ƙara kuɗin kiwon lafiya a kan kuɗin makaranta, tunda arha ce ke kawo musu ɗalibai.

Jihar Kalifoniya, wadda ke da kwalejojin al'umma 116, tana da wani misali na yadda doka kan takure wannan aiki ba tare da an yi niyyar hakan ba. Dokar jihar ta 1961 ta wajabta a kashe aƙalla rabin kuɗin gudanar da ilimi a kan albashin malaman aji. Masu ba da shawara ba sa shiga wannan rabi duk da cewa a jihar ana lissafa su cikin malamai. Saboda haka duk sanda kwaleji ta ɗauki sabon mai ba da shawara, ta ƙara nauyi a ɓangaren da doka ta iyakance. Shugabannin kwalejoji sun daɗe suna kukan wannan, ƙungiyoyin malamai kuma suna kare dokar don kada ofisoshi su cinye kuɗin aji.

Lafiyar ƙwaƙwalwa

Ɗaliban kwalejin al'umma ba su yi kama da hoton da ake gani na matasa a ɗakunan kwanan jami'a ba. Matsakaicin shekarunsu ya haura 25. Mafi yawansu ba cikakken lokaci suke karatu ba, suna aiki, da yawa suna da 'ya'ya, da yawa kuma su ne na farko a gidansu da suka taka makarantar gaba da sakandare. Akwai tsofaffin sojoji, akwai baƙin da suka yi hijira, akwai waɗanda aka sallama daga masana'anta suka dawo koyon wata sana'a. Kaɗan ne daga cikin kwalejojin ke da ɗakin kwana. Ɗalibi yakan sauka daga mota, ya shiga aji, ya fito ya wuce wurin aiki, don haka ba mai lura da cewa ya daina cin abinci ko ya daina barci.

A 2016 masu bincike na Jami'ar Wisconsin da na Healthy Minds, shirin binciken lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai, suka fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa ɗalibai fiye da 4,000 a kwalejojin al'umma 10. Kusan rabinsu suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a lokacin ko kuma ba da jimawa ba, ciwon damuwa da yawan fargaba ne a gaba, kuma waɗanda ke samun kulawa a cikinsu ba su kai rabi ba. Binciken da suka biyo baya sun nuna matsin kuɗi na cikin manyan abubuwan da ke jawo matsalar, shi ne kuma ke hana neman magani.

Inda akwai sabis ɗin, yawanci kyauta ne kuma na ɗan gajeren lokaci. Ana fara zama na farko da tambayoyi, sau da yawa da takardun auna damuwa da fargaba irin su PHQ-9 da GAD-7. Daga nan a ba ɗalibi zama ƙayyadadde a zangon karatu, ko a sa shi cikin rukuni, ko a tura shi waje idan larurar na bukatar magani ko doguwar kulawa. Turawar nan ce raunin tsarin. Wanda ba shi da inshorar lafiya, ko motar zuwa, ko mai riƙe masa yara, takardar turawa a aljihunsa take ƙarewa. Shi ya sa kwalejojin da suka ɗauki abin da muhimmanci suke ƙulla yarjejeniya da cibiyoyin lafiya na gundumarsu, su kawo ma'aikacin cikin harabar makaranta wasu ranaku a mako, ko su karɓi ɗaliban digiri na biyu masu neman horo su yi aiki ƙarƙashin kulawar mai lasisi.

Wasu sun faɗaɗa ma'anar aikin. Kwalejin Amarillo a jihar Texas ta haɗa shawara da rumbun abinci, da tallafin gaggawa na kuɗin haya da wuta, da ma'aikatan jin daɗin jama'a, bisa hujjar cewa talauci ne babban abin da ke korar ɗalibanta. A 2023 ta raba kyautar Aspen, wadda ake bai wa kwalejojin al'umma da suka yi fice, da Kwalejin Imperial Valley ta Kalifoniya.

Tashin hankali ma ya sauya aikin. Bayan harbin da aka yi a jami'ar Virginia Tech a Afrilun 2007, inda aka kashe mutum 32, makarantu suka riƙa kafa kwamitocin sa ido kan halayyar ɗalibai, waɗanda suka haɗa mai ba da shawara da jami'in tsaro da shugaban harkokin ɗalibai. A Janairun 2011 wani tsohon ɗalibin Kwalejin Pima da ke Tucson ya kashe mutum 6 ya kuma raunata 'yar majalisa Gabrielle Giffords, watanni kaɗan bayan kwalejin ta dakatar da shi saboda halayensa. Wannan ya tayar da muhawara kan iyakar alhakin kwaleji a kan wanda ta riga ta sallama. Masana lafiya dai suna yawan tunatarwa cewa mafi yawan masu larurar ƙwaƙwalwa ba sa cutar da kowa, kuma haɗarin da ya fi kusa shi ne mutum ya cutar da kansa. Dokar Garrett Lee Smith ta 2004, wadda aka sa wa sunan ɗan sanata Gordon Smith da ya kashe kansa, tana ba makarantu tallafin hana ɗalibai kashe kansu, kuma tun Yulin 2022 akwai lambar gaggawa ta 988 a duk ƙasar, wadda mai tunanin kashe kansa zai kira.

Sirri da haƙƙi

Abin da ɗalibi ya faɗa wa mai ba da shawara mai lasisi sirri ne, ba ya shiga takardar sakamakonsa, ba a kuma faɗa wa malamai ko iyaye. Akan keɓe yanayi kaɗan: idan rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari, idan akwai zargin cin zarafin yaro, ko idan kotu ta ba da umarni. Hukuncin kotun ƙolin Kalifoniya na 1976 a shari'ar Tarasoff ne ya kafa ƙa'idar cewa dole mai kula da majinyaci ya ɗauki matakin kare wanda aka yi wa barazana, jihohi kuma suka bi ta hanyoyi daban-daban. Dokar nakasassu ta 1990 ta ba mai larurar ƙwaƙwalwa damar neman sassauci, kamar ƙarin lokaci a jarrabawa.

Zaɓen sana'a

Kayan aikin wannan ɓangare sanannu ne. Akwai gwaje-gwajen gano abin da mutum ke sha'awa, yawancinsu a kan tsarin John Holland da ya kasa mutane da ayyuka gida shida. Akwai rumbun bayanan O*NET na ma'aikatar ƙwadago, wanda ke nuna abin da kowane aiki ke bukata. Sai gyaran takardar neman aiki, da gwajin ganawa da masu ɗaukar ma'aikata, da baje kolin ayyuka. Kwalejojin sun fi ƙarfi inda suke da alaƙa da masu ɗaukar aiki na yankinsu: asibitoci masu neman ma'aikatan jinya, masana'antu masu neman masu walda da masu gyaran injina.

Amma akwai tsohon zargi da ke bin wannan ofishi. A 1960 masanin zamantakewa Burton Clark, bayan nazarin da ya yi a ƙaramar kwalejin San Jose, ya ce ɗaya daga cikin ayyukan mai ba da shawara shi ne sanyaya burin ɗalibi: a hankali, da gwaje-gwaje da lallashi, a karkatar da mai son digiri zuwa gajeren kwas na sana'a, har ya ɗauka shi ya zaɓa. Masu suka sun ce 'ya'yan talakawa da baƙar fata aka fi yi wa haka. Wasu masu bincike daga baya sun ga akasinsa, cewa zama da mai ba da shawara yakan ɗaga buri. Alƙaluma dai sun nuna gibin: kusan kashi 80 cikin 100 na masu shiga kwalejin al'umma suna cewa digiri na farko suke so, amma waɗanda ke samunsa cikin shekara 6 ba su kai ɗaya cikin biyar ba. A ganin masu nazari da dama, rashin jagora ya fi muguwar jagora ɓarna, domin ɗalibi kan tara kwasa-kwasan da jami'a ba za ta karɓa ba, tallafin karatunsa ya ƙare bai kai ko'ina ba.

Daga nan aka samu gyare-gyare biyu masu tasiri. Na farko shi ne shirin ASAP na Jami'ar Birnin New York, wanda aka fara a 2007. Yana ba ɗalibi mai ba da shawara mai ɗalibai kaɗan, da jagorar sana'a, da kuɗin mota da littattafai, shi kuma ya yi karatu na cikakken lokaci. Gwajin da cibiyar bincike ta MDRC ta yi ya nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun kammala cikin shekara 3, sauran kuwa kashi 22. An maimaita shi a kwalejoji uku na jihar Ohio, sakamakon ya yi kama. Na biyu shi ne tsarin shimfiɗaɗɗun hanyoyi, wanda cibiyar binciken kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia ta yaɗa tun 2015: a tattara kwasa-kwasai cikin manyan fannoni kaɗan, a sa kowane sabon ɗalibi ya zaɓi fanni ya kuma tsara karatunsa tun zangon farko. Kalifoniya ta riga ta sa tsara karatu cikin dokarta ta 2012.

Bayan korona

A ƙarshen 2020 yawan ɗaliban kwalejojin al'umma ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100, faɗuwar da ta fi ta jami'o'i. Da kuɗin agajin da gwamnatin tarayya ta raba, kwalejoji da yawa suka yi kwangila da kamfanonin shawara ta intanet irin su TimelyCare, inda ɗalibi zai iya magana da ƙwararre ta waya ko bidiyo da tsakar dare. Ga mai aikin dare ko mai zama a ƙauye mai nisa, wannan ne karo na farko da sabis ɗin ya zo daidai da lokacinsa. Sai dai wanda ke amsa kiran bai san malaman kwalejin ba, bai san ofishin tallafin karatu ba, kuma ba lallai ne ɗalibi ya sake samunsa a kira na gaba ba. Kuɗin agajin ya ƙare, yanzu kowace kwaleji tana biyan kwangilar ne daga kasafinta, ko daga abin da jiharta ta ware.