Waiwaye: Majami'ar Ben Ezra ta tsohuwar Alƙahira

A ƙarshen watan Agustan 2023 Firaministan Masar Mustafa Madbuli ya sake buɗe majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra da ke Fusɗaɗ, wato tsohuwar Alƙahira, bayan gyaran da aka fara a 2022. Tana tsakiyar coci-cocin Kibɗawa, Kiristocin Masar, tafiyar 'yan mintoci daga masallacin Amru bin Asi. Mutanen gari na cewa a nan kusa aka tsinci Annabi Musa (AS) yana jariri.

Ginin ya sha faɗuwa da tashi. Halifa Al-Hakim na Faɗimiyya ya sa an rushe shi wajen 1012, aka sake gina shi bayan zamaninsa. Da tsufa ya ci ƙarfinsa, wajen 1890 aka ta da sabo a gurbinsa.

Amma abin da ya kai sunan wurin duniya wani ɗaki ne mai duhu a sama, wanda ake kira Geniza, ana zuba takardu ta wata kafa a jikin bango. Yahudawa ba sa yar da rubutu mai sunan Allah a bola, kamar dai yadda iyayenmu ke ɗauke irinsa daga ƙasa. Shekara kusan dubu ana zubawa, har da abin da ba na ibada ba: takardun aure da na saki, wasiƙun fatake masu zuwa Indiya, lissafin bashi, rubutun yaro mai koyon baƙi. Da yawa Larabci ne da haruffan Ibrananci. Akwai ma rubutun hannun Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa kuma likitan fadar Salahuddin. A ganina, babu wata taska da ta nuna zaman Musulmi da Kirista da Bayahude a kasuwa ɗaya kamar wannan.

A 1896 wasu tagwaye 'yan Scotland, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka nuna wa Solomon Schechter, malami a Cambridge, wasu guntayen irin waɗannan takardu. Ya taho Alƙahira, ya kwashi kusan 193,000 zuwa Jami'ar Cambridge, inda suke har yau.

Bayan takardu, mutanen ma suka tafi. Yahudawan Masar sun kusan 80,000 a 1948. Yaƙe-yaƙen 1948 da 1956 da 1967 suka watsa su. A shekarun 1980 Phyllis Lambert ta Kanada ta jagoranci babban gyaran majami'ar. Yau waɗanda suka rage a ƙasar ba su taka kara sun karya ba, don haka masu yawon buɗe ido ne ke cika zauren.