Waiwaye: Wace kotu ce ke da hurumin shari'ar inshora?

Tun gobarar babbar kasuwar Katsina ta Maris 2021 nake jin 'yan kasuwa na maganar inshora. Sai dai akwai ƙullin da ba a cika faɗa musu ba. Ranar da kamfani ya ƙi biyan diyya ka kai ƙara, kafin a taɓo zancen kayanka da suka ƙone, lauyan kamfanin zai miƙe ya ce: "Ya mai shari'a, kotun nan ba ta da hurumi."

Rikicin ya daɗe. A 1973 aka kafa Kotun Haraji ta Tarayya, wadda ta koma Babbar Kotun Tarayya a 1979. Dokar soja mai lamba 107 ta 1993 ta faɗaɗa ikonta, kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya jera abubuwan da ita kaɗai ke saurara a sashe na 251. Ba a ambaci inshora a jerin ba, amma dokokin inshora sun riƙa kiran sunan kotun tarayyar, nan lauyoyi suka samu ƙofa. Mutum ya shekara yana sintiri da fayil a hammata, a ƙarshe a ce ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Ko ya yi nasara, hukuncin kotun da ba ta da hurumi aikin baban giwa ne.

Kotun Ƙoli ta raba gardama a 2015, a shari'ar Sun Insurance da Umez Engineering: inshora yarjejeniya ce kamar kowace, don haka Babbar Kotun Jiha ce mai hurumi, bisa sashe na 272 na kundin tsarin mulkin. Inshorar jiragen ruwa kam tana nan a hannun kotun tarayya.

Saura batun wane gari, kuma shi ya fi damuna. Ƙa'idar kotunan jihohi kan ba da damar shigar da ƙara inda ya kamata a cika alkawarin, ko inda wanda ake ƙara yake harkarsa. Amma yawancin kamfanonin nan hedikwatarsu na Legas, kuma cikin ƙananan rubutun takardar inshorar akan cusa sharaɗin zuwa gaban masu sasanci tukuna. Mai shagon atamfa a Daura da ya sa hannu ba a karanta masa ba, sai bayan wuta ta cinye jarinsa yake jin wannan sharaɗi daga bakin lauya.