Korona a Saudiyya: asibiti ya tsira, amma wa ya biya kuɗin kulle?

Shekarun korona sun wuce, amma gardamarsu ba ta mutu ba a majalisun Hausawan Makka da Jidda da Madina. Wani zai ce hukumar Saudiyya ta yi abin a yaba mata, tunda ba a ga marasa lafiya zube a ƙofar asibiti ba kamar yadda aka riƙa nunowa daga wasu ƙasashe. Na kusa da shi ya ce, "Kai da yake albashinka bai tsaya ba, dole ka faɗi haka." Ga tambayoyin da suka fi yawo a irin wannan zama.

Wai da gaske an rufe Umara tun cutar ba ta shigo ƙasar ba?

Da gaske ne. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka dakatar da shigowar masu Umara daga waje, alhali sai ranar 2 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko, wani ɗan ƙasa da ya dawo daga Iran ta Baharain. Bayan kwana biyu aka hana na cikin gida ma yin Umara. Ranar 8 ga wata aka killace yankin Ƙaɗif, washegari makarantu suka rufe, ranar 15 jiragen ƙasashen waje suka tsaya, ranar 23 aka kafa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe.

Wannan sauri yana da tushe. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A Jidda aka fara gano cutar MERS a 2012, wata 'yar uwar korona da ake dangantawa da raƙuma, wadda ke kashe kusan mutum ɗaya cikin uku da aka tabbatar ta kama. A 2014 ta bazu a cikin asibitocin Jidda, ta kama likitoci da ma'aikatan jinya, har aka sauke ministan lafiya na lokacin. Saboda haka ma'aikatar lafiya ta riga ta san ɗakin killacewa da bin sawun waɗanda suka cuɗanya da majinyaci, kuma ta san abin da tsoro ke yi wa asibiti.

Kullen ya zama iri ɗaya ga kowa?

A takarda, i. Tarar karya dokar hana fita riyal 10,000 ce ga kowa, ta rashin takunkumi riyal 1,000. Amma unguwannin da aka fara rufewa dare da rana ba na masu hali ba ne. A Makka, ranar 30 ga Maris, an fara da Ajyad da Masafi da Misfala da Hajun da Nakkasa da Hosh Bakar, kuma duk wanda ya san Makka ya san talakawan baƙi ne suka fi zama a Hosh Bakar. Ranar 2 ga Afrilu aka rufe Makka da Madina baki ɗaya na sa'a 24. A Jidda ma, cikin wuraren da aka fara toshewa akwai Ghulail da Petromin da Kilo 14.

Hujjar hukuma ita ce cunkoso, kuma ba ƙarya ta yi ba. A watan Afrilu mafi yawan waɗanda ake sanarwa sun kamu baƙi ne. Sai dai umarnin "zauna a gida" ba nauyinsa ɗaya ba a kan mai gidan sama da na'urar sanyaya ɗaki a kowane lungu, da a kan iyalin da ke kwana su da yawa a ɗaki ɗaya a gefen dutse, cikin zafin Makka, ga azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu. An ba da damar fita sayen abinci da magani a cikin unguwa daga 6 na safe zuwa 3 na rana. Damar fita neman kuɗin sayen abincin ce babu.

Asibitocin sun cika ne, ko kuwa tsoratarwa ce kawai?

Sun ji jiki, amma ba su durƙushe ba. A farkon Afrilu ministan lafiya, Taufiƙ al-Rabi'a, ya fito ya ce masu cutar za su iya kaiwa daga 10,000 zuwa 200,000 cikin 'yan makonni, gwargwadon yadda jama'a suka bi doka. Cikin watan aka ƙulla yarjejeniyar riyal miliyan 995 da kamfanin BGI na ƙasar Sin don yin gwaji miliyan 9. Aka kafa asibitocin wucin gadi a Makka da Jidda, aka buɗe cibiyoyin Tatamman ga masu zazzaɓi da tari don kada kowa ya yi dafifi a ɗakin gaggawa, aka ce a fara kiran lamba 937 kafin a fito. An kuma kwashe leburori daga masaukansu masu cunkoso zuwa gine-ginen makarantun da ke rufe.

Matsi mafi tsanani ya zo ne bayan an fara sassautawa. An yi kullen sa'a 24 a duk ƙasar lokacin ƙaramar salla, daga 23 zuwa 27 ga Mayu, sannan aka buɗe masallatan da ke wajen Makka ranar 31. Kafin a ankara, gadajen masu tsananin ciwo a Jidda suka fara cika, dole aka maido wa garin dokar hana fita daga 6 zuwa 20 ga Yuni. A tsakiyar watan ne sabbin kamuwa suka kusa kai 5,000 a rana ɗaya. Masu cewa kullen bai tsinana komai ba, wannan makonni biyu na Jidda ne ya kamata su fara yi wa bayani.

An ce har marar igama, wato takardar izinin zama, an yi wa magani kyauta. Haka ne?

Haka ne. Ranar 30 ga Maris 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da mai igama da wanda ya karya dokar zama, ba tare da an kama shi ba. Wannan mataki na hankali ne, don cuta ba ta duba takarda kafin ta shiga gida.

Abin da sanarwar ba ta iya gogewa a rana ɗaya ba shi ne tsoro. Mutumin da ya shekara yana sauya hanya in ya hango motar jawazat, wato jami'an shige da fice, ba zai ji a talabijin yau ya kai kansa inda ake tambayar suna da lamba gobe ba. Da yawa sun zauna a gida da zuma da habbatus sauda da lemon tsami, suna cewa mura ce. Labaran da suka fito daga gidajen tarhil, inda ake tsare baƙi kafin a mayar da su ƙasarsu, su ma ba su taimaka ba: a watan Agustan 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton mummunan cunkoson da 'yan Habasha suke ciki a wuraren tsare baƙi, a daidai lokacin da jiragen mayar da mutane gida suka tsaya. A farkon 2021 gwamnatin Nijeriya ta kwaso ɗaruruwan 'yan ƙasarta da suka maƙale a can.

Me malamai suka ce game da rufe masallatai?

Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar ce ta ba da fatawar dakatar da jam'i da Juma'a ranar 17 ga Maris, ban da Harami biyu, waɗanda su ma daga baya aka taƙaita su ga ma'aikata. Ladanai suka ci gaba da kiran salla, suna ƙarawa da "sallu fi buyutikum", ku yi salla a gidajenku. An kafa hujja da hadisin da ya ce in annoba ta sauka a gari kada a shiga, in kuma kana ciki kada ka fita, da kuma komawar da Sayyidina Umar ya yi daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. Tarawihin Harami a shekarar an rage ta zuwa raka'a goma, babu i'itikafi, babu shimfiɗar buɗa-baki. Wannan na ƙarshe ba ibada kaɗai ya taɓa ba. Gidaje da yawa na talakawa a wannan shimfiɗa suke shan ruwa duk watan.

Korona ce ta karya tattalin arziki, ko faɗuwar farashin mai?

Duka biyun, kuma tare suka zo. A watan Maris Saudiyya da Rasha suka saɓa kan yawan man da za a haƙo, farashi ya rikito, sannan duniya ta shiga kulle, ba jirgi ba mota. A Afrilu ƙasashen OPEC da ƙawayensu suka yarda su rage ganga miliyan 9.7 a rana. Tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi 4 cikin ɗari a 2020, rashin aiki tsakanin 'yan ƙasa ya kai kashi 15.4 a rubu'i na biyu na shekarar.

A watan Mayu ministan kuɗi, Muhammad al-Jad'an, ya sanar da cire alawus ɗin tsadar rayuwa na ma'aikatan gwamnati, da ninka harajin kayan masarufi sau uku, daga kashi 5 zuwa 15, daga ranar 1 ga Yuli. Wannan haraji shi ne ya shiga kowane gida, don mai igama da marar ita farashi ɗaya suke biya a kanti.

To ina tallafin da aka ce an bayar?

Nan ne gardamar take da nama. An bayar, kuma mai yawa. Ta hanyar shirin Sanid gwamnati ta ɗauki nauyin kashi 60 na albashin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, da farko na wata uku, a kan kuɗi riyal biliyan 9. Amma na 'yan ƙasa ne kaɗai. Baƙo mai igama abin da ya samu shi ne an tsawaita masa ita wata uku kyauta in ta ƙare a lokacin, aka kuma buɗe shirin Auda ga mai son komawa ƙasarsa. A gefe guda an ba kamfanoni damar rage albashi har kashi 40, sannan kuɗin da baƙo ke biya kan kowane mutum ɗaya na iyalinsa ya kai riyal 400 a wata a Yulin shekarar.

Yanzu a duba sana'o'in da mutanenmu suka fi yi. Tura tsofaffi a keke wurin sa'ayi, askin masu Umara, dakon kaya, tuƙi, sayar da tsire, dafa tuwo da miyar kuka ga alhazan gida da suka gaji da shinkafa, dillancin kaya ga 'yan Kano-Jidda, aikatau a gidajen Larabawa. Kusan dukkansu a kan baƙon Allah suka jingina. Ranar da aka rufe Umara, ranar kasuwarsu ta watse. Mai aikatau da ke zuwa ta koma kullum, uwar ɗakinta ta ce ta dakata sai abin ya lafa, kuma ba wanda zai zarge ta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin wani rajista da za a turo masa ko riyal ɗaya. Abin da ya riƙe su shi ne kwalayen abinci na ƙungiyoyin agaji da attajirai, da bashin mai kantin unguwa, da maƙwabci. Har aka ga abin da ba a saba gani ba, wanda ke aika kuɗi Kano ko Damagaram ya koma bugo waya a taimaka masa.

Hajji fa?

A 2019 mutum kusan miliyan 2.5 suka yi. A 2020 bai wuce 'yan dubbai ba a mafi yawan ƙiyasi, duk mazauna cikin ƙasar. An ga alhazai suna ɗawafi a kan layukan da aka zana a ƙasa, kowa da lemarsa, da tazara tsakaninsu. Tsakuwar jifa an tsabtace ta an ƙulla a 'yar jaka, zamzam a kwalba. Hukuma ta ce ba a samu wanda ya kamu ba. A 2021 aka ba mutum 60,000 masu rigakafi, su ma na ciki. Maniyyatan Nijeriya da Nijar sun yi shekara biyu suna jira, kuma da aka buɗe a 2022 kujerun Nijeriya ba su kai rabin 95,000 da aka saba ba. Sai a 2023 adadin ya koma sama da miliyan 1.8.

A ƙarshe, wane ɓangare ne ke da gaskiya?

A ganina, rufe Umara da wuri ba abin da za a yi jayayya a kansa ba ne. Gari da ke karɓar mutane daga kowace ƙasa su cakuɗa kafaɗa da kafaɗa sannan su koma, da an bar shi a buɗe, da ba asibitocin Makka kaɗai za su ɗanɗana ba, har na Kano da Jakarta. Alƙaluman hukuma sun nuna mutuwar sama da mutum 9,000 a duk tsawon annobar, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 30.

Amma mai ƙorafi ma ba sharri yake yi ba. An gane cewa marar takarda in ya kamu zai shafa wa kowa, shi ya sa aka buɗe masa ƙofar asibiti. Yunwarsa kuwa ba ta yaɗuwa, sai aka bar ta ga masu sadaka. Mai yabo gadajen asibiti yake ƙirgawa, mai kuka watannin haya, kuma kowanne lissafinsa daidai ne.

Me ya rage daga wancan lokaci?

An fara allurar rigakafi ranar 17 ga Disamban 2020, kyauta. Daga 1 ga Agustan 2021 sai mai rigakafi ke shiga ma'aikatu da kasuwanni, kuma shaidar tana cikin manhajar Tawakkalna a waya. Mai gadi ya duba, in ya ga kore ka wuce. Ranar 17 ga Oktoban 2021 aka ɓamɓare alamun tazara a Harami, sahu ya haɗe, a Maris 2022 aka janye yawancin dokokin.

Abu biyu ba su tafi ba. Neman izini ta waya, wanda ya fara da manhajar I'itamarna lokacin da aka dawo da Umara ranar 4 ga Oktoban 2020 da mutum 6,000 a rana, ya rikiɗe ya zama Nusuk, kuma yau ko Rauda a Madina za ka shiga sai da shi. Harajin kashi 15 kuwa, wanda aka ce na ɗan lokaci ne, har yanzu yana nan a ƙasan kowace takardar sayayya.