Kalmomin maye gurbin aikin hannu da inji

Maye gurbin aikin hannu da inji shi ne ɗora wa na'ura aikin da a da ake yi da ƙarfin mutum ko na dabba. Hausa ba ta taƙaita wannan a kalma guda ba. Akan ce "aikin inji" a matsayin kishiyar "aikin hannu", ko a laƙaba "na zamani", kamar a "noman zamani".

Inji da na'ura

An aro "inji" daga Turanci, kuma ya fi zama a kan abin da ke da ƙarfi da ƙara, irin su injin niƙa da injin ban-ruwa. "Na'ura" daga Larabci take, inda asalinta ke nufin babbar ƙafar katako da kogi ke juyawa tana ɗebo ruwa zuwa gonaki. Har yau akwai irinta a Hama ta ƙasar Siriya. A Hausa ma'anarta ta faɗaɗa har ta kai ga "na'ura mai ƙwaƙwalwa", wato kwamfuta.

Tarihi

Maganar ta yi ƙarfi ne a masaƙun Ingila. Wajejen 1764 James Hargreaves ya ƙera injin kaɗi da ke ba mutum ɗaya damar kaɗa zare takwas lokaci guda, a 1769 kuma James Watt ya yi wa injin tururinsa rajista. Tsakanin 1811 da 1816 masaƙa suka riƙa farfasa injuna, abin da ya faro daga yankin Nottingham. An kira su 'yan Ludd, da sunan wani Ned Ludd, kodayake ana shakkar ko ya taɓa rayuwa. Sunan ya zama laƙabin duk mai ƙin sabuwar fasaha, alhali kukansu ya fi karkata ga albashi da ingancin kaya.

Kalmar "robot" ta fito a wasan kwaikwayon Karel Čapek na 1920, daga kalmar harshen Cek mai nufin aikin tilas. Hausa ta ce "mutum-mutumi". Ita kuwa kalmar Turanci ta aikin inji mai sarrafa kansa, wato "automation", ana danganta ta ga Delmar Harder na kamfanin Ford, wajejen 1946 ko 1947.

Bambancin ma'ana

Tarakta ta ɗauke wahalar huɗa, amma sai da direba. Inji mai sarrafa kansa shi ke aunawa ya gyara tafiyarsa. A maganar yau da kullum ana cuɗa waɗannan nau'o'in inji biyu.

Batun rasa ayyuka

Masana tattalin arziki sun saɓa a kan ko injuna na rage yawan ayyuka ne ko sauya su kawai suke yi.